Rameswaram: Tsibirin rijiyoyi 22 da Indiya ta gina wa gada har sau uku

A ranar 6 ga Afrilun 2025, Firaministan Indiya Narendra Modi ya ƙaddamar da wata sabuwar gadar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita biyu da ɗoriya a kan teku, can a ƙarshen kudu maso gabashin ƙasar. Gadar ta laƙume sama da rupi biliyan 5, kuma tsakiyarta kan ɗaga sama ɗungurungum har mita 17 domin jiragen ruwa su wuce ta ƙarƙashinta. Wannan ce gada ta uku da aka gina zuwa tsibirin Pamban cikin shekara 111.

Garin da ake yi wa wannan ɗawainiya, wato Rameswaram da ke jihar Tamil Nadu, ba shi da rijiyar mai, ba shi da babbar masana'anta, kuma mazaunansa ba su cika 45,000 ba a ƙidayar 2011. Arzikinsa shi ne wani tsohon haikali na dutse, da rijiyoyi 22 da ke cikinsa, da kuma labarin da mabiya addinin Hindu suka shafe ƙarnoni suna bai wa 'ya'yansu. Saboda waɗannan ne miliyoyin mutane ke tsallaka teku zuwa garin a kowace shekara. Kuma saboda su ne wani aikin gwamnatin tarayya na biliyoyin rupi ya tsaya cak a gaban Kotun Ƙoli.

Labarin da ya kafa garin

Tushen darajar Rameswaram yana cikin Ramayana, doguwar waƙar nan ta harshen Sanskrit da ake danganta wa Valmiki. A cikinta an ba da labarin Rama, ɗan sarkin Ayodhya, wanda Ravana, sarkin Lanka, ya sace masa mata mai suna Sita. Rama ya tara rundunar birai ƙarƙashin jagorancin Sugriva da Hanuman, suka jera duwatsu a kan teku suka yi gada, suka ƙetara, aka gwabza yaƙi, aka kashe Ravana. Mabiya Hindu sun yi imani cewa daga wannan tsibiri ne aka fara gadar.

Littattafan da suka biyo baya sun ƙara wani ɓangare da ya fi shafar garin kai tsaye. Ravana dai ɗan gidan Brahman ne, wato ajin malaman bauta, kuma kashe irinsa babban zunubi ne a aƙidarsu, ko da kuwa a fagen fama ne. Don haka aka shawarci Rama da ya bauta wa Shiva domin ya wanke kansa. Sai ya aiki Hanuman zuwa tsaunukan Himalaya ya ɗauko linga, wato mulmulallen dutsen da ke tsaye wanda ke alamta Shiva. Hanuman ya yi jinkiri, lokacin da aka tsayar na bautar yana neman wucewa, sai Sita ta tara yashin bakin teku ta gina wani da hannunta. Da Hanuman ya iso da nasa ya tarar an gama, ransa ya ɓaci. Domin a lallashe shi, Rama ya umarta a kafa nasa a gefe, kuma a riƙa fara yi masa hidima kafin na yashin. Har yau haka ake yi a haikalin.

Wannan labari ya ba Rameswaram wani matsayi da garuruwa kaɗan ke da shi. Manyan rukunan Hindu biyu ne: masu fifita Shiva da masu fifita Vishnu, kuma a tarihin kudancin Indiya sun sha yin gaba da juna. Rama dai ana ɗaukar sa a matsayin bayyanar Vishnu a siffar ɗan'adam. Wurin da Vishnu ya rusuna wa Shiva kuwa kowane ɓangare na iya cewa nasa ne. Sunan garin ma ma'anarsa "ubangijin Rama", wato Shiva.

Haikalin na cikin wurare 12 da ake kira jyotirlinga, mafiya tsarki ga masu bautar Shiva, kuma shi ne na can ƙarshen kudu. Yana kuma cikin wurare huɗu da ake kira Char Dham, waɗanda suka tsaya a kusurwoyi huɗu na Indiya: Badrinath a arewa, Puri a gabas, Dwarka a yamma, sai Rameswaram a kudu. Burin mai kishin addinin shi ne ya zagaya su duka kafin ya bar duniya.

Ginin da ya ɗauki ƙarnoni

Haikalin Ramanathaswamy ba aikin sarki ɗaya ba ne. Waliyyan Tamil irin su Appar da Sambandar sun ambace shi a waƙoƙinsu tun wajen ƙarni na 7, lokacin da ake kyautata zaton ƙaramin wuri ne. Ginin dutse ya fara bunƙasa a ƙarni na 12, a zamanin daular Pandya, kuma ana danganta wani ɓangare na ɗakin tsakiya ga Parakramabahu, sarkin Sri Lanka na wancan ƙarni. Sarakunan Jaffna ma sun sa hannu a gyaransa daga baya. Amma waɗanda suka fi kowa zuba dukiya su ne sarakunan Ramnad, masu laƙabin Sethupathi, wato "masu gadin gada". Laƙabin kansa ya nuna aikinsu: kare masu ziyara a kan hanya, da ƙetarar da su, da gina musu masaukai.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin baƙo shi ne dogayen barandun da suka kewaye ɗakin tsakiya. Guda uku ne, ɗaya cikin ɗaya, kuma idan aka haɗa tsawonsu ya haura kilomita guda. Barandar waje, wadda Muthuramalinga Sethupathi ya kammala a ƙarni na 18, tana da ginshiƙai 1,212, kowanne an sassaƙa shi, an ɗora shi a kan dakali mai tsayi. Wanda ya tsaya a bakinta zai ga ginshiƙan sun jeru suna ƙanƙancewa har su haɗe a wani ɗigon haske can nesa. Ana ɗaukar ta a matsayin baranda mafi tsawo a duk haikalan Indiya. Abin da ya ƙara wa aikin kwarjini shi ne tsibirin na yashi ne. Manyan duwatsun sai da aka yi jigilar su ta ruwa daga wasu wurare.

A al'adance, malaman da ke jagorantar bauta a cikin ɗakin tsakiya 'yan Brahman ne masu asali daga Maharashtra, ɗaruruwan kilomitoci arewa, alhali garin na Tamilawa ne. Tun da asuba, wajen ƙarfe biyar, ake buɗe ƙofa domin masu son ganin wani linga na ƙarau mai ɗaukar ido, wanda ake fito da shi na ɗan lokaci kawai.

Wanka a rijiyoyi 22

Ziyarar Rameswaram ba ta farawa a cikin haikali. Tana farawa ne a teku, a wani wuri da ake kira Agni Theertham, 'yan taku kaɗan daga ƙofar gabas. Ruwan wurin ba shi da zurfi, igiyarsa kuma ba ta da ƙarfi, don haka tsoho da yaro kan iya shiga. Mutane kan nutsa da tufafinsu, sannan su nufi haikalin suna ɗigar ruwa.

A ciki akwai rijiyoyi da ƙananan tafkuna 22, kowanne da sunansa da irin zunubin da aka ce yana wankewa. Akwai masu cewa adadin na nuni ne da kibau 22 da ke cikin kwarin Rama. Mai ziyara ba ya shiga rijiyar. Ma'aikata ne ke tsaye a bakin kowacce da guga da igiya, su jawo ruwa su kwarara wa mutane a ka, ayari bayan ayari, daga ta farko har zuwa ta ƙarshe mai suna Kodi Theertham. Ko da yake teku na kusa, ruwan rijiyoyin ba irin nasa ba ne wajen gishiri, kuma masu ziyara kan ce kowacce da ɗanɗanonta. Bayan an gama sai a sauya tufafi, domin ba a shiga ɗakin tsakiya da jiƙaƙƙun kaya.

Yawancin waɗanda ke zuwa ba don kansu kaɗai suke zuwa ba. Rameswaram na daga cikin manyan wuraren da ake yi wa iyaye da kakannin da suka rasu hidima. A bakin teku za a ga magidanta zaune a gaban malamin bauta, da curin dafaffiyar shinkafa da riɗi da ruwa, ana kiran sunayen magabata ɗaya bayan ɗaya. Wasu kan zo da tokar mamacinsu su zuba a teku. Cunkoso ya fi tsanani a ranakun da wata ke ɓuya, musamman na watannin Aadi da Thai a kalandar Tamil, da kuma wanda ake kira Mahalaya, lokacin da dubun-dubatar mutane ke cika bakin ruwan tun kafin gari ya waye.

Akwai kuma wata tsohuwar al'ada da ta ɗaure kudu da arewa. Mai son cika ziyararsa kan ɗebi yashi a Rameswaram, ya yi tafiyar fiye da kilomita 2,000 zuwa kogin Ganga, a Prayagraj ko Varanasi, ya zuba shi a can, sannan ya ɗebo ruwan kogin ya dawo da shi ya zuba a kan lingan Rameswaram. Kafin zuwan jirgin ƙasa, tafiyar kan ɗauki watanni, kuma ba kowa ke dawowa ba. Ƙarnoni kafin a san wata ƙasa mai iyaka da tuta da ake kira Indiya, irin waɗannan matafiya ne suka zana taswirarta da tafin ƙafarsu.

Bayan babban haikalin, akwai wasu wurare da ayarin masu ziyara ba ya tsallakewa. Gandhamadhana Parvatham shi ne tudu mafi tsayi a tsibirin, inda ake girmama wata alama da aka ce sawun Rama ne, kuma daga samansa ana hango garin baki ɗaya. A haikalin Hanuman mai fuska biyar ana nuna wasu duwatsu da ke yawo a saman ruwa, waɗanda masu bauta ke cewa irinsu aka yi gadar da su, yayin da masana ke bayyana cewa duwatsu ne masu ramuka da iska a ciki. A Villoondi Theertham kuwa, wata rijiya ce a cikin teku, ana isa gare ta ta wata siririyar gada. A gaɓar Kunthukal akwai ginin tunawa da Swami Vivekananda, wanda ya sauka a Pamban a Janairun 1897 bayan dawowarsa daga Yamma. Sarkin Ramnad na lokacin, Bhaskara Sethupathi, na cikin waɗanda suka ƙarfafa masa gwiwar halartar taron addinai na Shikago a 1893.

Daren da teku ta haɗiye gari

Turawan Birtaniya ne suka buɗe gadar Pamban ta farko a ranar 24 ga Fabrairun 1914. Ita ce gadar teku ta farko a Indiya, kuma tsakiyarta kan buɗe gida biyu, kowane ɓangare ya ɗaga sama, ma'aikata na murɗa ta da hannu. Manufarsu ta fi karkata ga kasuwanci da jigilar leburori zuwa gonakin shayin Sri Lanka, wadda a lokacin ake kira Silon. Fasinja kan sayi tikiti ɗaya a Madras, ya hau jirgin ƙasa zuwa Dhanushkodi da ke ƙarshen tsibirin, ya shiga jirgin fito zuwa Talaimannar, ya sake hawa jirgin ƙasa zuwa Kolombo. Dhanushkodi ya zama gari mai tashar jirgi da ofishin kwastan da gidan waya da coci da makaranta.

A daren 22 zuwa 23 ga Disamban 1964, wata mahaukaciyar guguwa ta taso daga teku ta faɗa wa tsibirin. Jirgin fasinja mai lamba 653, wanda ya taso daga Pamban, na dab da shiga Dhanushkodi lokacin da igiyar ruwa ta ɗauke shi baki ɗaya. Mutum sama da ɗari ne a ciki, babu wanda ya tsira. An ƙiyasta cewa guguwar ta hallaka kimanin mutum 1,800 gaba ɗaya. Gwamnatin Madras ta ayyana Dhanushkodi a matsayin wurin da bai dace mutane su zauna ba. A kan hanyar zuwa garin, haikalin Kothandaramaswamy, inda aka ce ƙanen Ravana mai suna Vibhishana ya yi mubaya'a ga Rama, ya tsaya da ƙafafunsa, abin da ya ƙara masa daraja a idon masu bauta.

Guguwar ta kuma yi awon gaba da mafi yawan ƙarafan gadar Pamban. Hukumar jiragen ƙasa ta ba da wa'adin wata shida a gyara ta, wani babban jami'i ya rage zuwa wata uku, aka damƙa aikin a hannun wani matashin injiniya ɗan shekara 32 mai suna E. Sreedharan. Maimakon ya jira a ƙero sababbin ƙarafa, sai ya nemi taimakon masuntan yankin aka gano waɗanda suka nutse, aka tsamo su aka mayar. Ya gama cikin kwana 46. Shi ne daga baya ya jagoranci gina layin dogon Konkan da jirgin ƙasan cikin birnin Delhi, kuma har yau ana ba da labarin waɗannan kwanaki 46 a Indiya.

Gada ta biyu, ta motoci, Firaminista Rajiv Gandhi ne ya buɗe ta a 1988. Tsohuwar gadar jirgin kuwa ta ci gaba da aiki har Disamban 2022, lokacin da tsatsa ta ci ƙarfinta aka dakatar da zirga-zirga a kanta. Garin ya shafe fiye da shekara biyu ba jirgi, fasinjoji na sauka a Mandapam su ƙarasa da mota, har aka buɗe sabuwar.

Gadar Rama ko Gadar Adamu

Daga ƙarshen Dhanushkodi zuwa tsibirin Mannar na Sri Lanka, akwai jerin tudun yashi da duwatsun farar ƙasa mai tsawon kimanin kilomita 48. A wasu wuraren zurfin ruwan bai wuce mita ɗaya ba, kuma a hotunan tauraron ɗan'adam yakan fito kamar zare. Mabiya Hindu na kiran sa Ram Setu, wato Gadar Rama. A taswirorin duniya kuma Gadar Adamu aka rubuta, sunan da ya samo asali daga tsohuwar ruwayar da ta yaɗu tsakanin matafiya Musulmi, cewa Annabi Adamu (AS) ya sauka ne a kan wani tsauni a Sarandib, wato Sri Lanka. Ibn Baɗɗuɗa ya hau wannan tsauni a 1344, ya kuma bayyana shi a littafin tafiye-tafiyensa. A cikin garin Rameswaram, kusa da tashar jirgi, akwai wasu dogayen kaburbura biyu, kowanne kimanin mita 12, waɗanda Musulmin yankin ke ziyarta bisa imanin cewa na Habila da Ƙabila ne.

Wannan jerin tudu ya hana manyan jiragen ruwa wucewa tsakanin Indiya da Sri Lanka. Jirgin da ya taso daga gaɓar yamma zuwa Chennai ko Kolkata dole ya zagaye Sri Lanka. Tun 1860 ake ta kawo shawarar a yashe hanya. A watan Yulin 2005 Firaminista Manmohan Singh ya ƙaddamar da aikin Sethusamudram, mashigi mai tsawon kilomita 167 da zai ratsa ta cikin tudun. Ƙungiyoyin Hindu suka tayar da ƙayar baya, masu kare muhalli da masunta ma suka nuna adawa, domin yankin na maƙwabtaka da gandun ruwa na mashigin Mannar mai tsibirai 21, inda murjani da ayu ke rayuwa.

A Satumban 2007 Hukumar Binciken Kayan Tarihi ta Indiya ta shigar da takardar rantsuwa a Kotun Ƙoli, inda ta ce tudun halitta ce, kuma babu hujjar tarihi da ta tabbatar da wanzuwar mutanen da ke cikin Ramayana. Cikin kwanaki kaɗan zanga-zanga ta ɓarke a jihohi da dama, gwamnati ta janye takardar, aka dakatar da jami'ai biyu. Kotu ta hana a taɓa tudun, aikin ya tsaya bayan an riga an kashe maƙudan kuɗi. A 2018 gwamnatin Modi ta shaida wa kotun cewa ba za ta lalata Ram Setu ba, za ta nemi wata hanya. 'Yan sakin layi kaɗan da wasu ma'aikata suka rubuta ba tare da auna yadda jama'a za su karɓe su ba sun isa su binne aikin da aka shafe kusan shekara 150 ana mafarkinsa.

Ɗan limamin da ya zama shugaban ƙasa

Mafi shaharar ɗan Rameswaram Musulmi ne. An haifi A.P.J. Abdul Kalam a ranar 15 ga Oktoban 1931 a Titin Masallaci, tafiyar 'yan mintuna daga haikalin. Mahaifinsa, Jainulabdeen, limamin masallaci ne kuma mai kwale-kwalen da ke jigilar masu ziyarar Hindu tsakanin Rameswaram da Dhanushkodi. A littafin tarihin rayuwarsa, Wings of Fire, wanda ya fito a 1999, Kalam ya bayyana cewa babban malamin haikalin, Pakshi Lakshmana Sastry, aminin mahaifinsa ne, kuma danginsu ne ke tanadar kwale-kwalen da ake ɗaukar gumaka a bikin shekara-shekara na auren Rama da Sita. Kuɗin farko da ya samu a rayuwarsa na tattara ƙunshin jaridu ne da ake jefowa daga jirgin ƙasa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Yaron ya zama jagoran shirin makamai masu linzami na Indiya, sannan shugaban ƙasa daga 2002 zuwa 2007. Ya rasu a Shillong ranar 27 ga Yulin 2015 yana tsakiyar gabatar da lacca ga ɗalibai, aka binne shi a Pei Karumbu da ke tsibirin. Ginin tunawa da shi da aka buɗe a 2017 ya zama zango na dindindin ga motocin masu ziyara, waɗanda kan fito daga haikali su wuce kabarin ɗan liman. Ko a nan ma siyasar addini ta leƙo: an yi ce-ce-ku-ce lokacin da aka ga siffar littafin Bhagavad Gita kaɗai a gefen mutum-mutuminsa, har wani ɗan'uwansa ya kawo Alƙur'ani da Baibul ya ajiye.

Masunta da iyakar da ba a gani

A bayan kasuwar furanni da masaukan baƙi, akwai wani Rameswaram na masunta, Hindu da Kirista da Musulmi, wanda rayuwarsa ta dogara da mashigin Palk. A 1974 Indira Gandhi da Sirimavo Bandaranaike suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta bar wa Sri Lanka ƙaramin tsibirin Katchatheevu, wata yarjejeniyar ta 1976 kuma ta taƙaita kamun kifi a ruwan juna. Iyakar ba ta da nisa daga gaɓa, kifin ɓangaren Indiya kuma ya ragu saboda manyan jiragen da ke jan koma a ƙasan teku suna kwashe komai. Sri Lanka ta haramta irin wannan kamun a 2017. Kusan kowane wata sai an ji sojojin ruwanta sun kama masuntan Tamil Nadu sun ƙwace jiragensu, matansu su fito zanga-zanga, babban ministan jihar ya rubuta wa Delhi wasiƙa. A ɗaya gefen kuma, waɗanda komar ke cutarwa su ma Tamilawa ne, ƙananan masuntan arewacin Sri Lanka da yaƙin basasa ya talauta.

Ta wannan ruwa ne dubban 'yan gudun hijira suka shigo Indiya tun daga 1983, aka tsugunar da su a sansanin Mandapam. A 2022, lokacin da tattalin arzikin Sri Lanka ya durƙushe, an sake ganin iyalai na sauka a tudun yashin Dhanushkodi cikin dare. Sau ɗaya a shekara ne iyakar ke sassautawa, lokacin bikin cocin Saint Anthony a Katchatheevu, inda masuntan ƙasashen biyu ke haɗuwa.

Nauyin baƙi

Haikalin Ramanathaswamy na ƙarƙashin sashen gwamnatin Tamil Nadu mai kula da haikalai da waƙafin Hindu, wanda ke aiki bisa dokar 1959 kuma yake lura da dubun-dubatar wuraren bauta. Jami'in gwamnati ne ke kula da kuɗin shiga da ma'aikata da filaye. Ƙungiyoyin Hindu da dama na neman a sakar musu haikalansu, suna cewa ba a yi wa masallatai da coci-coci haka. Masu goyon bayan tsarin kuma na tunatar da cewa shigar gwamnati ce ta taimaka wajen kare dukiyar haikalai da buɗe ƙofofinsu ga waɗanda a da ake hana su shiga saboda ajinsu.

Yawan baƙi ya zo da nasa matsalolin. An sha kai ƙara reshen Madurai na Babbar Kotun Madras kan ruwan ƙazanta da ke malala kusa da Agni Theertham, wurin da mutane ke nutsewa domin neman tsarki. Al'adar yar da tufafi a teku bayan wanka ta sa ma'aikatan tsafta na kwasar tarin tsummoki. Tsoffin littattafai sun ambaci wuraren ruwa masu tsarki 64 a tsibirin da kewayensa, amma da yawa yashi da gine-gine sun binne su; ƙungiyar Vivekananda Kendra ta tono wasu ta gyara a ƙarƙashin shirin farfaɗo da muhallin garin, abin da ya taimaka wajen adana ruwan sama a tsibirin da ruwan sha ke wahala.

Ga baƙon da ba Hindu ba, akwai iyaka. Ba a barin sa ya shiga ɗakin tsakiya, kuma a Janairun 2024 kotun ta Madurai ta yi umarni da a kafa allunan da ke nuna inda wanda ba mabiyin addinin ba zai tsaya a haikalan jihar. An hana shiga da wayar salula, takalmi kuma a waje ake barin sa. Sauran tsibirin a buɗe yake ga kowa. Filin jirgin sama mafi kusa yana Madurai, kimanin kilomita 170, jirgin ƙasa daga Chennai kuma kwana yake yi a hanya. Daga Oktoba zuwa Disamba ne damina da guguwa suka fi ƙarfi.

Titin da aka buɗe a 2017 ya kai har Arichal Munai, inda ƙasa ta ƙare, tekun Bengal mai natsuwa a hagu, mashigin Mannar mai tumbatsa a dama. A kan hanya ana wuce kufan Dhanushkodi: bangon coci ba rufi, da ginshiƙan tashar jirgi, da rumfunan masuntan da suka koma duk da hanin gwamnati. A 2019 an aza harsashin mayar da layin dogo mai kimanin kilomita 17 zuwa can, amma gwamnatin jihar ta nuna damuwa kan raunin muhallin wurin, aikin bai ci gaba ba. Kafin faɗuwar rana 'yan sanda kan sallami kowa, a rufe hanya sai gobe.